Akwai abin da ba a sayo shi daga waje

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in mayar da martani ga malamin da ya yi rubutu a shafinku na ra'ayi kwanakin baya. Cewa ya yi ƙasashe irin namu ba su ga ta zuba kuɗi a binciken kimiyya ba, tunda Turawa da ƴan Sin sun riga sun gama aikin, mu namu kawai mu sayo abin da suka ƙera. Har ya yi wa masu karatun zallan lissafi shaguɓe, wai mai jin yunwa ba ya cin alli. Na yi dariya, don maganar ta yi daɗin faɗi, kuma ni ɗin nan alli na ci shekara talatin da ɗaya ina mushen lissafi, wato malamin lissafi, a lise, babbar makarantar sakandare, kafin in aje aiki. Sai dai dariyar ba ta kai ni ƙarshen shafin ba, saboda na tuna ƙanena.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Manomin gyaɗa ne ta wajen Magarya, bai cika hamsin ba, bai taɓa sa taba a bakinsa ba, balle abin maye. Abin ya fara da kasala da ƙin abinci, idanu suka koma ruwan ɗorawa, aka ce shawara ce, aka jiƙa masa sassaƙe. Sai ciki ya soma tashi, yana ramewa ta sama yana kumbura ta ƙasa. Daga nan zance ya sauya, aka ce sammu ne, har aka fara nuna wani maƙwabci da baki saboda tsohuwar rigimar iyakar gona. Na ɗauko shi zuwa Damagaram, aka duba, aka ce sai Yamai. Kilomita kusan 900, yini guda cur a cikin kar, kansa a kafaɗata, duk ramin da mota ta faɗa sai in ji ya damƙe mini hannu.

A can aka shigar da shi na'urar nan mai kama da bakin rijiya, wadda ake kira sikana. Likitan, yaro ne da ya yi sa'ar ɗana, ya kira ni gefe ya juyo mini da allon kwamfuta. Ga hantar ƙanena yanka-yanka kamar an fere kabewa, alhali ko allura ba a soka masa a wurin ba. Ya ɗora biro a kan wani tabo ya ce, "Baba, ga shi nan. Kansar hanta ce, kuma ta yi nisa. Ku koma da shi gida ya samu kulawar iyali." Mako bakwai ya ƙara. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan namu da naku.

Ba zan ɓoye ba, a gaban allon nan mutum biyu ne suka tsaya a cikina. Akwai wa da zuciyarsa ta tsinke, akwai kuma tsohon mushe da ya gane lissafin da ke bayan hoton. Kowa a ƙasar nan ya san hatimi, ko da bai san hisabinsa ba: gida tara, uku-uku, ka zuba 1 zuwa 9, duk layin da ka bi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla 15 za ka samu. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Malamin nan Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, ya rubuta hanyoyin gina irin waɗannan hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. To, yanzu a juya tambayar. A rufe gidajen, a ba ka jimlar kowane layi kawai, a ce ka faɗi abin da ke cikin kowane gida. Aikin sikana ke nan. Hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi yana ratsa jiki ta ɓangarori da yawa, kowane zare na hasken yana fitowa da rauni gwargwadon abin da ya ratsa, wato ya kawo jimlar layinsa, sai kwamfuta ta warware abin da ke cikin gidajen.

Wanda ya fara tabbatar da cewa hakan mai yiwuwa ne shi ne Johann Radon, masanin lissafi ɗan Ostiriya, a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba maras lafiya a gabansa, ba na'ura, tambayar ce kawai ta ba shi sha'awa. Takardar ta kwanta. Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, ya ci karo da matsalar a wani asibiti a birnin Kef a 1956, ya sake warware ta da kansa bai ma san Radon ya riga shi ba, ya buga a 1963 da 1964, kusan ba wanda ya kula. Sai da injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera na'urar a Ingila, aka ɗauki hoton maras lafiya na farko a 1971. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1979. Shekara 54 tsakanin alli da gadon asibiti. Da malaminmu ne ke riƙe da lalitar jami'a a 1917, da ya ce Radon ya je ya nemi sana'a.

Na san abin da zai ce: ai ka ƙarfafa maganata, wasu suka yi wahalar, mu muka sayo na'urar. Gaskiya ne, har nan muna tare. Amma na'urar ta faɗa mini abin da ya kashe ƙanena ne kawai. Ba ta faɗa mini dalilin da ya sa ya kama manomin da bai san taba ba, kuma ba ta faɗa mini mutum nawa irinsa aka binne a Magarya da Matamaye da Mirya da Tanut da Gure ana cewa sammu ne ko daji ya ci su. Wannan ba ya zuwa cikin kwantena. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ya ɗaga kai ya duba.

Ilimin bin sawun cuta a cikin jama'a, asalinsa ƙirga ne da haƙuri. Wa ya kamu, a ina, yana da shekara nawa, me yake ci, me yake sha. Denis Burkitt, likitan tiyata mai ido ɗaya da ke aiki a Yuganda, ya bayyana wata kansa mai kumbura muƙamuƙin yara a 1958. Ba shi da wani babban ɗakin gwaji. Ya aika wa asibitoci takardun tambaya da hotuna, a 1961 kuma ya shiga tsohuwar mota da abokai biyu suka yi tafiyar kilomita kusan 16,000 a gabashi da kudancin Afirka, suna tsayawa asibiti-asibiti suna tambaya, kun taɓa ganin wannan? Da ya zuba amsoshin a taswira sai ga abu ƙarara: cutar tana bin wurare masu zafi da ruwan sama, tana ƙaurace wa tsaunuka masu sanyi, wato tana bin sawun zazzaɓin cizon sauro. Daga naman da aka aika Landan ne masu bincike Epstein da Barr da Achong suka gano a 1964 ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da kansa a jikin ɗan Adam. Taswira da fensir da man mota suka buɗe wannan ƙofa.

Kansar hanta kuwa, labarinta ya shafe mu har cikin rumbu. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Burazil. A cikinta aka gano gubar da ake kira afalatoksin, wadda wata irin hunhuna ke fitarwa idan gyaɗa ko masara ta sha fari a gona ko aka adana ta ba ta gama bushewa ba. Suya ba ta kashe ta, dafuwa ba ta kashe ta. Ga kuma ciwon hanta nau'in B, wanda yaro kan ɗauka daga uwa ko daga abokan wasa tun yana ƙarami, ya zauna shiru shekara talatin ko arba'in. A Taiwan an bi maza fiye da 22,000, aka buga sakamako a 1981, aka ga masu ɗauke da ƙwayar sun fi sauran haɗarin kansar hanta nesa ba kusa ba. Idan gubar da ƙwayar suka haɗu a hanta ɗaya, haɗarin ba tarawa yake ba, ninkawa yake. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafi a 1984, kansar hanta a yaransu ta ragu, kuma sun san ta ragu ne saboda suna ƙirgawa kafin da bayan.

Da na karanta wannan sai na tuna yadda ake yi a gidanmu. Bayan an ɓare gyaɗa, mata su zauna su tsince. Mai kyau, jar nan mai sheƙi, ita ake aunawa a tiya a kai kasuwa. Ƙanƙanannun da suka yamutse, masu ɗaci, su ne ake bari a gida, a yi ƙuli-ƙuli, a sa a miya, yara su wawura. Ƙanena ya ci wannan tun yana rarrafe, ni ma na ci. Ba na cewa ita ta kashe shi, ajali na Allah ne, kuma mutum ɗaya ba ya zama hujja, wannan ko ɗan ajin farko na lise ya sani. Abin da nake cewa, tambaya ce da ake iya amsawa, kuma amsar tana da amfani. A Gini an gwada a ƙauyuka ashirin, aka buga a 2005: tsince gyaɗa da hannu, shanya ta a kan tabarma maimakon ƙasa, zuba ta a buhun algarara, ɗora buhunan a kan katako. Wannan, tare da ɗan maganin ƙwari a ma'ajiya, ya rage alamar gubar a jinin mutane da fiye da rabi. Ba wata babbar na'ura aka sa a gona ba, tunanin a auna ne kawai.

Nijar tana da rajistar masu kansa tun 1992, a jami'ar Yamai, kuma masu riƙe da ita sun cancanci yabo. Daga irin wannan ƙidaya ne aka san kansar mama ce kan gaba a mata, ta hanta kuma tana cikin waɗanda suka fi addabar maza. A 2021 aka buɗe gashin kansa da haske a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, ita ma a Yamai. Amma rajista wanda ya iso take rubutawa. Matar da ta ɓoye ƙullutu a ƙirjinta shekara biyu don kunya, ta rasu a ɗakinta a wani ƙauyen Damagaram Takaya, ba ta shiga littafin kowa ba. Jihar Damagaram tana cikin mafi yawan jama'a a ƙasar nan, tana da jami'a, tana da babban asibiti. A ba matasa biyu ko uku da suka iya ƙididdiga albashi da babur da littafi, su bi gidajen likita na jihar shekara goma ba fashi. Nawa wannan zai ci, in aka gwada da kuɗin taron bita ɗaya a otal?

Bari in hau soro, don sauran maganar a can take. Ɗan marigayin a hannuna ya tashi, yanzu sana'arsa ɗaura pano, farantin nan mai mayar da hasken rana wuta. Tun da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulki, aikinsa ya buɗe, mai shago da mai sayar da ƙanƙara da mai cajin waya kowa pano yake nema. Wata ranar hunturu na bi shi saman gidanmu a unguwar Birni, da ƙyar da gwiwata. Hazo ya rufe gari, dutsen da ke bayan unguwa ma ba a ganinsa sosai. Ya shafa yatsa a kan gilashin ya rubuta sunansa a cikin ƙura, ya jona ma'auninsa, ya ce, "Baba, duba nan." Sannan ya goge da tsumma mai laushi, lambar ta ɗaga muna kallo. Na ce, da nawa ƙura ke rage wuta a mako? Kwana nawa ya kamata a yi kafin a wanke, a garin da ruwa ke da tsada kamar namu? Ya ce shi dai in ya ga ya yi datti sai ya ce a goge. Tun ranar na saya masa littafi, yana rubuta kwanan wata da lambar kafin gogewa da bayanta. Yana yi ne don kada in yi fushi, amma yana yi.

Ga wani abin da mai saye ba ya sani. Ƙarfin da aka rubuta a bayan pano, an auna shi ne gilashin yana kan digiri 25. A watan Afrilu a nan iska kanta tana wuce 40, gilashin da ke kwance a rana yana iya kai 65. Panon silikon na yau da kullum yana asarar kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri da ya ɗaru a kan 25. Digiri 40 sau 0.4, kashi 16 ke nan. Wanda ya sayi wat 300 zai ga wajen 250 tun kafin ƙura ta ci rabonta, sai ya zo yana zagin yaron ya sa masa jabu. Ranar da muke tinƙaho da ita, zafinta yana cin ribar haskenta. Ƙurar kuwa maƙwabciyarmu ce, yawancinta daga kwarin Bodele na Cadi take tasowa, ɗaya daga cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya.

Wannan fage ba tsaye yake ba. Ƙwayar silikon ta farko mai amfani, wadda aka yi a Amurka a 1954, kashi 6 cikin ɗari na hasken rana take mayarwa wuta. A 1961 masana kimiyya Shockley da Queisser suka nuna da lissafi cewa ƙwaya mai hawa ɗaya ba za ta wuce wajen kashi ɗaya bisa uku ba, kome gwanintar maƙeri. Shi ya sa yanzu ake ɗora wani sinadari mai suna ferobskit a kan silikon, na sama ya kama wani launin haske, na ƙasa ya kama saura. Da aka fara gwada ferobskit a Japan a 2009 bai kai kashi 4 ba. Yau shi kaɗai ya wuce 25, haɗe da silikon ya wuce 33 a ɗakin gwaji. Amma yana da aibi biyu: zafi da laima suna lalata shi da wuri, kuma akwai darma a cikinsa. Mu da muka ga abin da darma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wata rana wannan kaya zai sauka a kasuwar Dole ta nan Damagaram da takarda mai cewa yana shekara kaza. A ina aka gwada? In ba mu da fili guda a jami'armu inda ake shanya panuka iri-iri ana auna su rani da damina, to mu ne za mu zama wurin gwajin, da kuɗinmu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mun taɓa yin gaba a nan. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa daga 1969 zuwa 1985, suna ƙera murhun rana da na'urorin ɗuma ruwa da tace shi da busar da abinci a Yamai, lokacin da duniya ke ganin abin kamar wasa. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Suna ya tsaya, amma yau ƙusa da waya ma sai an kawo mana. Kuma dubi yadda zaren ke haɗuwa: na'urar busar da amfanin gona da rana maganin hunhunar gyaɗa ce, firigo mai aiki da pano a likitar ƙauye shi ke riƙe allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana so jariri ya samu ta ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Yaron da ke kan soro, ba tare da ya sani ba, yana aikin da zai iya kare jikokin ubansa daga abin da ya ɗauke uban.

Saura zallan lissafin da aka yi wa dariya. Bara wani tsohon abokina ya zo har gida, ƴarsa ta ci bak, jarrabawar gama lise, da kyau, ta nace sai lissafi za ta karanta. Ya ce, "Mushe, tsakaninka da Allah, wannan abin ana cin tuwo da shi?" Na kama hannunsa muka fita, na nuna masa zanen da magina suka yi a fuskar wani tsohon gida a layinmu, ƙulli yana bin ƙulli. Na ce masana lissafi sun tabbatar tun 1891 cewa hanyoyin maimaita zane a kan bango 17 ne kacal, in kuma a cikin abu mai kauri ne, 230, kuma sun gama wannan ƙirga shekara ashirin kafin a iya leƙa yadda ƙwayoyin zarra suke jere a cikin dutse. Da wannan jadawalin ne masu binciken silikon da ferobskit suke rarrabe kayansu har yau. Ya dube ni ya dubi bango ya ce shi dai tuwon ya tambaya. Na ce masa gaskiya: arziki ba na yi mata alkawari, amma mai ƙirga masu kansa da mai auna pano duk a hannun irinta za su koyi aikin, in babu ita sai mu ɗauko baƙo mu biya shi kuɗin jirgi. Ya bar ta ta tafi, yana gunaguni.

Inda malamin ya yi gaskiya, ba zan hana shi ba. Na ga kundayen bincike jibge a kabad gara na ci, an rubuta su da Faransancin da uwar mai rubutun ba za ta ji ko kalma ɗaya ba. Na ga binciken da aka yi don mai ba da kuɗi daga waje ya so shi, ba don wani a nan ya tambaya ba. Ƙasashen Afirka sun daɗe da alkawarta ware kashi 1 cikin ɗari na arzikinsu don bincike, akasarinsu ba su kai ba, kuma ɗan abin da aka ware ba duka ke isa ɗakin gwaji ba. Wannan dalili ne na gyara, ni ban ga dalilin rufe ƙofa a ciki ba.

Roƙona gare ka, Edita, ƙarami ne. Ku ware shafi ɗaya a wata, ku kira likita ko malamin jami'a ko ɗalibin da ya gama kundinsa, ya faɗa mana da Hausa abin da ya auna da abin da ya samu, gidajen rediyo su ɗauka su karanta. A fara da gyaɗa kafin kaka ta zo. Shi kuma malamin, in hanya ta biyo da shi Damagaram, ya tambayi gidan tsohon mushen lissafi a Birni. Akwai shayi, akwai tsani, littafin yaron kuma ya kusa cika, zan so mu duba lambobin tare.

Wassalam.

Naku,
Tsohon mushen lissafi,
Unguwar Birni, Damagaram